Mai gadin takalma: jawabi kan wasanni da ƴan uwanmu masu nakasa

Ɗan uwan da ke fassara wa kurame da hannu ya roƙe ni in riƙa magana sannu-sannu, don haka in kun ji na fara gudu ku tsaida ni, ba zan ji haushi ba.

Da laifina zan fara, kafin in taɓa na kowa.

Lokacin da muke yara a unguwarmu nan Maradi, akwai wani fili bayan lakwal inda muke buga balo kullum bayan la'asar. Duwatsu biyu nan, duwatsu biyu can, shi ke nan an yi gola. Kafin a fara, kowa zai tuɓe silifanshi a tara wuri guda, saboda in ka bar su sakaka ba za ka tarar da su ba. Akwai abokinmu da shan inna ta taɓa ƙafafunshi duka biyu tun yana ƙarami. Kullum tare muke zuwa da shi, kuma kullum aikinshi guda ne: gadin takalma. In gardama ta tashi, ko balo ta shiga ko ba ta shiga ba, sai mu ce a tambaye shi, shi ya gani. Mu a ganinmu mun girmama shi ke nan, mun ba shi muƙami. Shekara da shekaru muna haka, kuma wallahi ban taɓa jin ɗayanmu ya ce mishi "kana son ka buga?" ba. Tambayar ma ba ta zo mana a kai ba.

Sai da na dawo hutu daga jami'a, muna zaune a fada ana dafa shayi, ana tuna yarinta ana dariya, sai ya ce mini: "Ka san ba lokacin da na tsana a rayuwata kamar bayan la'asar?" Na yi shiru. Wannan mutum, in aka zo kokowar hannu, ba wanda ke kai shi ƙasa cikinmu, saboda hannun da ya ɗauki jikinshi tun yana yaro ba irin namu ba ne. Ƙarfi yana nan, sha'awa tana nan, fili yana nan. Mu ne ba mu san da wani wasa da za a yi da shi ba, kuma ba mu nema ba.

Wani abu ya ƙara faruwa bayan haka. Mun tafi kallon wani wasa a wani fili da ba zan faɗi sunanshi ba. Muna isa ƙofa, kafin ya kai ga ciro kuɗin tikiti, mai gadin ƙofa ya ɗaga mishi hannu ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya koma bakin titi. Ya ɗauka bara ya zo yi. Alhali mutumin nan gyaran salula yake yi, a ranar shi ya biya mini kuɗin shiga, ni mai takardar jami'a aljihuna wayam. Da muka samu muka shiga kuma, sai ga matakala. Mu huɗu muka ɗauke shi har da kekenshi kamar buhun hatsi, mutane na kallo, wasu na cewa sannu. Bai ƙara yarda ya raka mu kallo ba.

To, wanga abu ba na mutum guda ba ne. Ƙidayar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ta ba da kashi 4,2 cikin ɗari na masu nakasa, wato mutum sama da dubu 700 cikin miliyan 17. Hukumar lafiya ta duniya kuma ta ce in aka duba duniya baki ɗaya, wajen kashi 16 cikin ɗari ne, mutum guda cikin shida. Kun ga tazarar da ke tsakanin lissafin biyu. Ni dai na san gidaje da yawa inda in mai ƙidaya ya zo ba za a ambaci yaron da ke kwance ƙuryar ɗaki ba, kuma ku ma kun sani. Ko da lissafin ƙasa muka tsaya a kai, tun 2012 jama'a ta ƙaru sosai. Ku tambayi kanku, cikin waɗannan dubban mutane, nawa kuka taɓa gani cikin fili sanye da riga mai lamba?

Kuma kar wani ya ce alfarma muke nema musu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a watan Disamba na 2006, Nijar ta rattaba hannu, ta tabbatar da ita a 2008. Saɗara ta 30 ta wannan yarjejeniya kan al'adu da hutu da wasanni take magana, kuma ba ta yi kwana-kwana ba: a ba su damar shiga wasannin da kowa ke yi, a ba su damar shirya nasu na kansu, su iya shiga filaye, yara kuma su samu wasa daidai da sauran yara, har da cikin lakwal. A 2019 majalisar dokokinmu ta yi doka ta musamman kan shigar da masu nakasa cikin harkokin rayuwa. Takarda kam muna da ita. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu, don an sha faɗa mini a fuska. "Kai, mutane ba su samu na tuwo ba, ba keke, ba magani, ga halin tsaro, kai kana zancen wasa?" Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ban taɓa jin an yi ta ba in lokacin kokowar Takobi ya zo. Tun 1975 da aka fara a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, ƙasar nan ke tsayawa cak kwana goma saboda kokowa, da yunwa da ƙoshi, kuma daidai ne, don mun san abin da take yi mana. Ashe mun yarda wasa ba almubazzaranci ba ne. Sai in an zo kan gurgu da makaho ne muke tuna cewa akwai abin da ya fi wasa muhimmanci.

Sannan ga jikin kanshi. Mutumin da ke wuni zaune wuri guda, gaɓoɓinshi suna ƙagewa, jiki yana nauyi, gyambo yana fitowa inda yake zama, hawan jini da ciwon sukari suna samun ƙofa. Makahon da ba ya fita sai an ja mishi sanda, tsoron motsi ke kama shi har ya girma da shi. Ga kaɗaici, wanda ba ma lissafa shi cikin cuta amma yana cin mutum. Akwai kuma abin da ya shafe mu, mu masu kallo. In wurin da kake ganin mai nakasa kullum shi ne bakin danja da ƙofar masallaci, to idonka zai koyi cewa wurinshi ke nan. Abin da ya samu mai gadin ƙofar can ke nan. Ba mugu ba ne, abin da ya saba gani ya gani.

Wasannin nan fa a asibiti suka samo asali. Wani likita, Ludwig Guttmann, Bayahude ne da ya gudo daga Jamus zuwa Ingila, aka ba shi kula da sojojin da suka karye a baya lokacin yaƙin duniya na biyu, mutanen da a wancan zamani ake ajiyewa a gado ana jiran ajali. Shi ya sa su motsa jiki. A 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olimpik na Landan, ya shirya gasar harbin baka ta mutum 16 a harabar asibitin Stoke Mandeville. Daga nan abin ya girma har aka yi Paralimpik na farko a Roma a 1960, da ƴan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23. Kurame ma sun riga su, tun 1924 suka fara nasu a Paris.

Amma kar mu yi nisa, don kar a ce ai abin Turawa ne. Ku tsallaka iyaka, ku je Kano. Wani bawan Allah, Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma shan inna ta taɓa, shi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a ƙarshen shekarun 1980. Kun san ɗan katakon nan mai tayoyi da wasu ke zama a kai suna tura kansu da hannu cikin kasuwa? Shi ne abin hawan. Ana zama a kai, ana gudu a kan siminti, ana buga ƙwallo da hannu. Wanda ya taɓa gani ya san ba wasan tausayi ba ne: karo ake yi, ana kifewa, ana tashi, ƴan kallo na ihu. Abin da ya fi burge ni, katakon da aka san shi da bara shi aka maida kayan wasa. Ba a jira wani jirgi ya kawo kaya daga Turai ba. Yau ana gasa tsakanin jihohin Najeriya, kuma a Akara ta Gana akwai masu yin irinshi. Da mun san da wannan wasa muna yara, da abokina bai yi gadin takalma ba. Tsakanin Maradi da Kano tafiyar wuni ce ba ta cika ba, buhun masara na tsallakowa kullum, amma labarin wasan bai iso filinmu ba.

Makafi kuma suna da golbal. Ina so ku saurara da kyau, don shi ne nake ganin za mu iya farawa gobe. Fili kamar na ƙwallon raga, mita 18 a tsawo, 9 a faɗi. Mutum uku nan, uku can. Ƙwallon tana da ƙararrawa a ciki, ana mirgina ta da ƙarfi a ƙasa, abokan gaba su bi sauti su kwanta su tare da jikinsu. Layukan fili igiya ce ake shimfiɗawa a manne ta, ɗan wasa ya taɓa da hannu ya san inda yake. Kowa ana ɗaure mishi ido, da makaho da mai gani kaɗan, don a zama daidai. Wannan na nufin kai mai ido ma kana iya shiga, kuma ina tabbatar maka za a ci ka. Wahalar guda ce gare mu: dole ƴan kallo su yi tsit lokacin da ake wasa. Ban san yadda za mu yi da mutanen Maradi ba a nan, amma za mu gwada. Akwai kuma ƙwallon ƙafa ta makafi, mutum biyar-biyar, mai tsaron gida ne kawai ke gani. Maroko ta ɗauki lambar tagulla da ita a wasannin Tokiyo.

Ƙwallon raga ta zaune ita ma ba ta son komi: fili mita 10 da 6, raga ƙasa-ƙasa ba ta fi mita ɗaya da ƴan kai ba, kowa ya zauna a ƙasa. Matan Ruwanda sun je Paralimpik na Riyo a 2016 da wannan wasa, sun koma Tokiyo, sun koma Paris. Angola, da nakiyoyin yaƙi suka raba mutane da yawa da ƙafafunsu, ta ɗauki kofin duniya na ƙwallon masu ƙafa ɗaya a 2018.

Sai ɗaga ƙarfe, wanda ake yi a kwance bisa benci, ƙirji da hannu kawai ke aiki. A Riyo, ƴan Olimpik na Najeriya masu ƙafa biyu tagulla guda suka kawo gida, ƴan Paralimpik kuwa zinariya takwas, mafi yawa daga ɗaga ƙarfe. A Paris a 2024, Folashade Oluwafemiayo, mace, ta ɗaga kilo 167. Ku lissafa, buhun shinkafa mai kilo hamsin uku ke nan da ƙari. In na tuna wannan sai in tuna Kara-Kara ta Damagaram, unguwar da aka kafa don a ware kutare, wadda Aisha Macky ta nuna a fim ɗinta Zinder, inda samari ke ɗaga ƙarafan da suka haɗa da hannunsu. Irin waɗannan wurare suna nan a garuruwanmu duka. Benci yana nan, ƙarfe yana nan. Wa ya taɓa zuwa ya kira gurgun unguwa ya ce zo ka gwada?

Mu fa? Nijar ta fara zuwa Paralimpik a 2004 a Atina, da ɗan wasa guda. Tun daga nan tawagarmu da yatsun hannu guda ake ƙirga ta, kuma har yau ba mu samu lamba ba. Ban ga laifin waɗanda suka je ba, jinjina ma nake yi musu, da tarayyar wasannin masu nakasa da ke fama da ɗan abin da take samu. Ƙasar da ta fitar da Isaka Dabore a dambe a 1972, ta fitar da Alfaga a tekwando a 2016, ba za a ce ba ta da jini ba. Amma Alfaga bai faɗo daga sama ba, tun yana yaro yake horo. Namu kuwa sai 3 ga Disamba ta zo, ranar masu nakasa ta duniya, a tara su, a raba riga da hula, a yi tseren keke na minti goma gaban manyan baƙi, a ɗauki hoto, a watse sai baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsere sau ɗaya a shekara biki ne, kuma bikin ma na masu jawabi ne.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne lakwal. Duk wanda ya yi kolej ya san takardar dispans. Yaro yana da nakasa, likita ya sa hannu, an ɗauke mishi darasin motsa jiki, shi ke nan. Sa'ar da ƴan aji ke fili, shi yana gindin bedi yana gadin jakunkuna. Kun ga gadin takalma ya samu hatimin hukuma. Ban ce a soke dispans ba, akwai wanda lafiyarshi ba ta yarda da gaske. Amma ya kamata ta zama mataki na ƙarshe, bayan mushe ya duba me yaron zai iya. Wanda ba ya gudu yana iya jifa. Makaho yana gudu in aka haɗa shi da ɗan rakiya, kowa ya riƙe bakin igiya guda, haka ake yi har a Paralimpik. Kurma ba abin da ya hana shi balo, in alƙalin wasa ya ɗaga ƙyalle tare da busa usur. Malamanmu ba mugunta gare su ba, yawancinsu ba a taɓa nuna musu ba, kuma ga yara tamanin a gabansu. Horon kwana kaɗan zai canza abu da yawa. Makarantar makafi ta Soli Abdurahaman da ta kurame ta Hasan Bana Ba a Yamai sun daɗe suna aiki da waɗannan yara, akwai ilimin a cikin ƙasa, sai dai a yaɗa shi.

Ƴan mata, ban manta da ku ba, kuma na san abin ya fi tsanani a wajenku. Yarinya mai lafiya ma in ta ce za ta yi wasa sai ta sha magana, balle wadda ake ɓoyewa. Namiji mai nakasa ko banza yana fita fada. Ita daga ɗaki sai tsakar gida. In ƴan mata na gaɗa da dare, tana jin tafi daga nesa. Ba mu maza za mu warware wannan ba, iyaye ba za su ba mu ɗiyansu ba, kuma suna da gaskiya. Sai ku, ku shiga gida ku gaida uwa, ku ce mun zo ɗaukar ƙawarmu, za mu maido ta kafin magariba. Fili mai katanga, mata zalla, mai horarwa mace. In ba haka aka tsara ba, duk abin da za mu yi na maza ne kawai.

Kuma ba kowa ke son gasa ba. Wani kallo kawai yake so, ya shiga filin kokowa ba tare da an ɗauke shi ba, ya samu wurin da zai ga fili ba bayan mutane ba, ya samu makewayin da kekenshi zai shiga. Wani dara yake so a buga da shi. Yaron da ke da taɓin ƙwaƙwalwa, wanda yara ke bi da jifa, so yake a jefa mishi ƙwallo ya cafe. Gangara a bakin ƙofa, in tun wajen gini aka sa ta, ƴan buhunan siminti ne. Amma a yi ta da hankali, don na ga wasu gangarorin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau.

Gargaɗi guda gare mu, mu ƴan ƙungiya, don na san halinmu. Kar mu je da waya a hannu muna neman hoton da zai sa mutane kuka a Facebook. Kar mu yanke musu abin da suke so. Suna da ƙungiyoyinsu, suna da tarayyarsu ta ƙasa, a gargajiyance ma akwai sarkin makafi da sarkin guragu, kuma in ba a bi ta wajensu ba ba inda za a je. Su za su riƙe ragama, su zaɓi kyaftin, su riƙe kuɗi in akwai. Ko sunan da za a kira su da shi, wasu sun fi son "masu buƙata ta musamman", wasu sun ce a ce nakasassu kawai a wuce wurin, abokina kuwa cewa yake a kira shi gurgu amma a buɗe mishi ƙofa. A tambayi mutum, a kira shi da abin da yake so.

Ga abin da nake roƙo. Kowace fada da ke nan tana da filin da take balo. A ware yamma guda a sati, guda tak, wadda za a yi wasan da kowa zai iya shiga, kuma a riƙe ta ko mutum uku suka zo. Keken tsere na gaske ya fi sabon babur tsada, mu bar shi tukuna. Masu waldan garin nan da ke ƙera keken guragu za su iya ƙera mana benci da katako mai taya, in mun kai musu hoto. Ƙwallo mai ƙararrawa in ba ta samu ba, a sa balo cikin leda a ɗaure, tana ƙara in tana mirginawa, da ita yara makafi ke wasa a wurare da yawa. Masu iya rubutu da Faransanci, mu zauna mu rubuta wa ma'aikatar magajin gari takarda kan abu biyu kawai: sa'o'in da za a ba mu a gidan matasa inda akwai siminti, da gangara a ƙofarshi. Mu kai da kanmu, tare da su, mu karɓi shaidar an karɓa, in sati biyu ya wuce shiru mu koma.

Na je wajen abokina shekaran jiya na gaya mishi zan ba da labarinshi. Ya ce in bayar, amma da sharaɗi, ranar da za a fara shi zai raba ƴan wasa, kuma ni zan yi gadin takalma. Na yarda. Asabar mai zuwa ne bayan la'asar. Ana buƙatar igiya mai tsawo, da ƙyallaye shida na ɗaure ido, da mutum biyu masu adaidaita da za su ɗauko waɗanda ke nesa. Wanda zai iya kawo ɗaya daga ciki ya tsaya bayan an tashi, ƴar uwarmu da ke bakin ƙofa za ta rubuta sunanshi.